Amsar Takardunku: Ko Akwai Sauran 'Yan Dambe Irin Na Da?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo a Gusau, wanda ya ce tun zamanin Muhammad Ali yake bin labarin damben Turawa, amma yanzu abin ya fara fita ransa, domin zakarun yau sai su shekara ba su hau fage ba, sai cika baki a gaban 'yan jarida. Shi ne yake tambaya ko akwai sauran masu juriya da yawan karawa irin na mutanen da.

To Baba, mun gode da wannan takarda, kuma ƙorafinka yana kan hanya. Ɗauki Sugar Ray Robinson na Amurka. Ranar 5 ga Fabrairun 1943 Jake LaMotta ya doke shi. Ranar 19 ya dambata da wani, ya ci. Ranar 26 ya koma wa LaMotta ya rama. Dambe uku ke nan cikin mako uku, kuma kafin ya yi ritaya ya hau fage kusan sau 200. Henry Armstrong kuwa a 1938 ya riƙe kambun duniya a aji uku lokaci guda, alhali azuzuwan nauyi takwas ne kacal a lokacin. Ko nan gida Nijeriya, Dick Tiger ya kara da Gene Fullmer sau uku cikin wata goma, ta ƙarshen a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, a Agustan 1963.

Amma fa ba duka ne jarumta zalla ba. Kuɗin ne ba yawa, wanda bai hau fage ba tukunyarsa ba za ta tafasa ba. Yau kuwa babban ɗan dambe kan kwashi miliyoyin daloli na talabijin a dare ɗaya, to me zai gaggauta? Ga shi kuma manyan ƙungiyoyi har huɗu ke ba da kambu, wato WBA da WBC da IBF da WBO, azuzuwan nauyi kuma sun ninka. Mutum na iya amsa sunan zakaran duniya bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi ba. Tun da Floyd Mayweather ya kammala da nasara 50 ba faɗuwa ko ɗaya a 2017, yara da yawa suka ɗauka cewa shan kaye sau ɗaya abin kunya ne, sai a riƙa zaɓar musu abokin karawa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

Duk da haka, Baba, gari bai rasa maza ba. Wanda ni zan sa a gaba shi ne Naoya Inoue na Japan, ɗan ƙaramin mutum da bai kai kilo 56 ba a ranar awo. A 2019 Nonito Donaire na Filifin ya fasa masa ƙashin kwarmin ido tun a turmi na biyu. Haka ya daure yana ganin mutum bibbiyu har aka gama turmi 12, kuma shi ya ci da maki. Ya haɗa kambu huɗun nan a aji ɗaya a Disambar 2022, ya ƙara nauyi ya sake haɗa su a Disambar 2023. A Mayun 2024 Luis Nery ya kai shi ƙasa a turmin farko, ya tashi ya gama da shi a na shida. Tsakanin Janairu da Satumban 2025 sau uku ya kare kambunsa. Ka ga wannan ba mai ɓuya ba ne.

Sai Saul Alvarez na Meziko, wanda aka fi sani da Canelo. Yana shekara 15 ya fara damben kuɗi a 2005, ya kuma yi karawa fiye da 60. Daga Disambar 2020 zuwa Nuwamban 2021 ya hau fage sau huɗu, ya kwashe dukkan kambunan ajin kilo 76. Bai tsaya nan ba, ya haura ajin da ya fi ƙarfinsa, Dmitry Bivol ya doke shi a 2022, sannan Terence Crawford ya karɓe kambunansa a 2025. A wurina waɗannan faɗuwa biyu ba su rage shi da komai ba, domin shi ya yarda ya shiga. Robinson ma ai ya sha kaye sau 19.

Abin da ba zan taya ka fata ba, Baba, shi ne a koma dambe uku a wata. Bayan Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya rasu sakamakon karawarsa da Ray Mancini a 1982 ne aka fara rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Shi kansa Robinson da cutar mantuwa ya ƙare, ya mutu a 1989. Kan ɗan Adam ba ganga ba ne. Idan zakara ya hau sau uku ko huɗu a shekara, kuma da wanda jama'a suke so ya kara, ni dai ya biya ni.

Sauran takardun da ke gabanmu sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida mutanen Gusau.