Allah Nawa Muke Bauta Wa?



Yaranmu sukan dawo daga makaranta da wata tambaya da abokansu Musulmi suka yi musu: me ya sa ku Kirista kuke bauta wa alloli uku? Yaron da bai sami amsa a gida ba zai neme ta a waje.

Tambayar tana da tushe cikin Alƙur'ani. Suratun Nisa'i aya 171 ta hana ma'abota Littafi faɗin uku. Suratul Ma'ida aya 73 ta ƙi masu cewa Allah na ukun uku ne. A aya 116 ta wannan sura kuwa, Allah yana tambayar Isa ko shi ne ya ce wa mutane su riƙe shi da mahaifiyarsa alloli biyu banda Allah. Suratul An'am aya 101 ta ce ba yadda Allah zai yi ɗa, tun da ba shi da mata.

To, mu lura da kyau. Maryamu ba Allah ba ce, ikkilisiya kuma ba ta sa ta cikin Triniti ba. Ba mu ce Allah ya yi aure ba, Allah ya sawwaƙe! Luka 1:35 ya nuna da ikon Ruhu Mai Tsarki budurwar ta yi ciki. Sa'ad da aka tambayi Yesu umarni mafi girma a Markus 12:29, da kaɗaitakar Allah ya fara. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, ta shekara 325, ita ma da Allah ɗaya ta buɗe.

Amma kada mu ruɗi kanmu, mu ce bakinmu ɗaya da maƙwabtanmu. Ayar nan ta Nisa'i ta kira Isa kalmar Allah da ruhu daga gare shi, duk da haka ta ce manzo ne kawai, malamansu kuma haka suke koyarwa. Mu kuwa mun karanta a Yohanna sura 1 cewa Kalman yana nan tun fil'azal, shi Allah ne, ya kuma zama mutum domin cetonmu. Nan ne hanya ta rabu, ba a kan ƙidaya ba. Sai mu faɗi wannan da tawali'u, ba da gardamar kasuwa ba.

Iyaye, daren nan bayan tuwo, ku buɗe Matiyu 28:19. Ku nuna wa yara suna ɗaya ne aka ambata, na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ku kuma bayyana musu da harshenku na gida. Bari mu yi addu'a.