Jawabi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Mu Tura Yaranmu Su Koyi Gyaran Mota

 



An umarce ni da in yi magana kan makomar yaranmu. Na zaɓi abu guda in tsaya a kansa, wato ilimin gyaran mota.

Duk wanda ke zauren nan, mota ce ke ɗauke da arzikinsa. Mai albasa daga Malanbil, mai atamfa daga Dantokpa, mai kai kaya Gaya ko Legas, kowa da direba yake kwana yake tashi. Daga Kwatano zuwa Malanbil ya haura kilomita 700. In babbar mota ta mutu tsakanin Paraku da Kandi da albasa a cikinta, kun san lissafin: kuɗin kwanan direba da yaran mota, kuɗin ɗauko makaniki, ga kaya na ruɓewa, ga mai jiran kaya ya koma wajen wani.

Sannan ku dubi abin da iyakoki suka yi mana. A farkon 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta kan tudu, wuraren saida motoci na Sekanji suka yi sanyi. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakarta, har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, gadar Malanbil ta tsaya cik. Kowane karo, matasanmu masu dillanci da fiton motoci su ne suka fara zaman banza. Makaniki kuwa bai rufe garejinsa ba, don motocin cikin gari ba su daina lalacewa ba.

Wani zai ce ai muna da masu gyara, kuma ba lakwal suka je ba. Gaskiya ne, kuma muna girmama su. Da hannunsu motocinmu suka kai yau. Sai dai motar ta canza. Da, maigidan gareji na kasa kunne ya ji ƙarar inji ya gane ciwon, ya kwance kafireto ya wanke, shi ke nan. Motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa yanzu na'ura ce ke auna musu mai da iska. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da kafar da ake jona kwamfuta a karanta matsalarta, Turai ma ta bi daga 2001. Kwamfutar lamba take bayarwa, ita kuma lambar tana nuna sashen da za a bincika ne kawai. Sai wanda ya iya karanta taswirar wayoyi, ya iya auna wuta, zai gane ko na'urar ce ta mutu ko waya ce ta tsinke. Wanda bai iya ba sai ya yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna biya. Haka injin gas na zamani: yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ƙofofi ƙanana ƙwarai, ɗan ruwa ko datti a cikin man bakin hanya ya isa ya kashe nozul.

Hanyoyin koyo a nan Benin a buɗe suke. Yaron da ya yi nisa a boko zai iya shiga makarantar fasaha, irin Lise Teknik Kulibali da ke nan Kwatano, ya nemi takardar CAP, ya wuce zuwa difloma ta ƙwararre. Wanda ya riga ya shiga gareji akwai tsarin CQP: yana nan a hannun maigidansa yawancin mako, yana kuma zuwa cibiyar horo don darasin aji. Akwai kuma CQM, jarrabawar da ta fi karkata ga aikin hannu, wadda ke ba ɗan koyo takardar da hukuma ta sani.

Inda gizo ke saƙar shi ne Faransanci. Da shi ake darasi, da shi ake jarrabawa. Yaranmu da yawa sun yi allo, sun iya lissafin kuɗi fiye da mu, amma ba su zauna aji ba. Wannan gibin namu ne mu cike.

Don haka ina roƙon kwamiti ya sa waɗannan shawarwari gaban taro. Na farko, kowane mamba ya riƙa ba da jikka ɗaya a wata cikin asusu na daban, da ma'aji biyu da rasit, a biya wa yara kuɗin makaranta da kayan aiki. Na biyu, a buɗe darasin Faransanci da lissafi da dare, bayan sallar isha'i, ga yaran gareji da yaran mota. Na uku, masu motoci a cikinmu su yi alkawarin ba waɗannan yara aiki in sun gama, ƙungiya kuma ta sayi na'urar bincike guda a ajiye ta amfanin kowa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi sanin yaron da ke son ƙarfe da wanda ke yawo a tasha. Ku kawo mana sunaye. Alhazai, kada ku ga tufafi sun yi baƙin mai ku ce ɗan gidanku ya fi ƙarfin wannan sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; ɗan shekara 15 zai koya cikin sauƙin da ɗan 30 ba zai samu ba.

Sakatare zai buɗe rajista bayan addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya buɗe mana hanyoyi, ya tsare direbobinmu, ya yi wa zuri'armu albarka.