Ekspoze na mutum biyar, aikin mutum ɗaya

 

An ce in yi magana a kan karatu da aiki. Na san abin da kuke jira in faɗa: babu aiki, gwamnati ba ta ɗauka, sai mai uwa a gindin murhu. Gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina faɗar haka ba. Amma yau wani gefen nake so mu taɓa. Ranar da aikin ya samu, ko istaj ne na wata uku, ko sabis sibik na shekara biyu, me muke iya yi?

Ina karɓar ƴan istaj a inda nake aiki. Wallahi yaran nan suna da ƙwaƙwalwa. Ka tambayi ɗayansu ma'anar wani abu, zai zubo maka ita yadda take a poli, har da waƙafi. Amma ka ce masa: "Kayan da muke aikawa sun makara sau uku a watan nan, binciko mini dalili, ka rubuto shafi ɗaya kafin jibi." Sai ya tsaya yana kallonka. Ko ya kawo maka shafi goma, takwas daga ciki tarihin sufuri ne da ya kwaso daga intanet, direban kuwa da ke zaune a bakin ƙofa bai tambaye shi komai ba. Ni ban ga laifinsa ba. Tun daga CI har lisans babu wanda ya taɓa neman irin wannan daga gare shi.

Ku tuna yadda muke ekspoze. Malam ya raba ku biyar-biyar. Ɗaya ya kwana yana rubutu, ɗaya ya biya kuɗɗin fotokopi, ukun da suka rage su sa suna a bangon takarda. Kowa ya samu 14 bisa 20, a watse. Kuna dariya don kun san kanku! Tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi ya ware awoyi na aikin ɗalibi shi da kansa, a wajen aji. A takarda suna nan. A zahiri haddar poli ce ke cinye su.

To me nake nema? A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, karatu ya matso kusa da gonaki da kasuwanni. Bari in ɗauki jihar Tawa, in ɗauki albasa. Kowa ya san albasar Galmi, har Gana da Kodebuwa ake kai ta. Lokacin da aka kwashe ta, wajen Maris da Afrilu, kasuwa na cika, kuɗinta ya faɗi. Wanda ya ajiye a rudu ya jira watanni zai sayar da tsada, amma wata za ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta rage nauyi, ga kuma bashin taki da na mai yana jiran sa. A sayar ko a ajiye? Ga aikin da za a ba ɗalibai biyar, tare da wata ƙungiyar manoma ta gaske wadda ke jiran amsa.

Nan karatu yake canza kama. Za su nemo farashin da SIMA ke fitarwa, su karanta bayanan RECA a kan ajiyar albasa, su roƙi sakataren ƙungiyar ya buɗe musu kayen da yake rubuta shige da fice. Kuma za su tarar takardun ba su yarda da juna ba. Wannan ya ba da farashin wata kasuwa, wancan na wata. Wannan na lissafi da kilo, manomi na lissafi da buhu, buhun ma ba girmansu ɗaya ba. Wa ya rubuta? Yaushe? Ina ya samo? Ɗalibin da ya taɓa shan wannan wahala sau ɗaya, ba za a sake miƙa masa takarda ya haɗiye ba tauna ba.

Rubutun kuma shafi ɗaya, ba ƙari: ga matsalar, ga abin da muka gano, ga hanyoyi biyu ko uku da abin da kowace za ta ci, ga wadda muka zaɓa da dalili. Shafi ɗaya ya fi shafi ashirin wuya, don babu inda za ka ɓuya. Sannan a rubuta shi da Faransanci, a koma gaban manoma a bayyana shi da Hausa. Kundin da aka fitar a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ma'aikacin gobe a tsakaninsu zai tsaya. Mu nawa ne a nan za su iya rubuta wasiƙar Hausa mai tsafta, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu?

Aikin tare kuwa, maganinsa ba wuya. Kowa da ɓangarensa, ya sa hannu a ƙasa. Ranar gabatarwa malam ya jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa shi zai kare aikin duka. Kowane zama a rubuta abin da aka yanke, har da wanda bai yarda ba da hujjarsa. Kuma don Allah a daina miƙa wa mace bik da zarar an zauna, a ce ita ce sakatariya. Rubutun ya zagaya, shugabancin ma ya zagaya.

Malamai za su ce mini: anfi cike da ɗaruruwan ɗalibai, ga yajin aiki, ga shekaru na hawa kan juna, wa zai duba duk wannan? Suna da gaskiya. Ban ce kowane darasi ba. Darasi ɗaya a semestir, a lokacin TD, ƴan masta su taimaka da dubawa. Wannan za mu kai wa shugabannin jami'o'i a rubuce.

Kafin nan, kowannenku yana da fada. Shayin nan da ake sha har zagaye uku, a ba ni zagaye ɗaya. Ku zaɓi matsala guda a unguwarku: magudanar da ta toshe, ko pompon da ya lalace aka rasa inda kuɗɗin gyara suka shiga. Ku tambayi mutum biyar da abin ya shafa, har da mai unguwa, ku nemi takardar da ke akwai, ku rubuta shafinku da sunayenku a ƙasa. Ku kawo shi a zamanmu na gaba mu karanta tare mu gyara, sannan a kai ma'aikatar magajin gari kafin ruwa ya sauka. Ku riƙe kopi, ku sa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.