Likita da Liman a Kan Majinyaci Guda



Maganarmu ta yau ta shafi saurayin nan na Barkiya, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, wanda ƙwaya ta ci ƙarfinsa, ya kuma ɗauri aniyar bari. Wa zai kama hannunsa? Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce kuma aka hana sarrafa maganin tari mai kodin. To, amma hani ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Iyayenmu, idan abin ya ishe su, gidan mari suke nufa. Ba mu zargi niyyarsu ba, domin sun gane cewa cutar ta taɓa zuciya. Sai dai mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da birnin Katsina: bayin Allah cikin sasari, jiki duk tabon bulala. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, ranar da ya yanke sai ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da zufa, barci ya ƙaurace masa. Wannan aikin likita ne, bulala ba ta da abin yi a nan.

Bayan 'yan kwanaki jiki ya lafa, saura kunya, da zaman banza, da tsofaffin abokai da ke jira a bakin kasuwa. Nan ne mai ba da shawara yake bukatar liman. Mu tuna, daki-daki aka haramta giya a Musulunci: aka fara da bayyana cewa cutarta ta fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, kafin hani na ƙarshe ya sauka. Ashe wanda ya bari, ya zame, ya sake miƙewa, bai fita daga rahama ba. Salloli biyar suna tsara masa yininsa, sahu kuma yana ba shi sababbin abokai. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan a majami'unsu.

Haɗa hannun nan ba baƙon abu ba ne. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya.

Gobe waɗansunmu za su zama ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomin nan. Roƙonmu shi ne ma'aikacin hukumar NDLEA da limamin Barkiya su san juna, liman ya san asibitin da zai tura yaro tun daren farko, ma'aikaci ya tambayi majinyaci malamin da ya amince da shi, ba tare da tilas ba. Kuma abin da yaro ya faɗa a zaure, kada a ji shi a huɗubar Juma'a.