Zabiya ba kishiyar zabiya ba ce

Ina gaida matan Dogon Dutsi, da waɗanda sunka taso tun daga Matankari, Dankasari da Tibiri cikin wanga zafi na watan Mayu. Sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan mata da waƙa. Ni zabiya ce, shekara goma sha bakwai ina bin gidajen biki, don haka abin da idona ya gani zan faɗa. Kuma da laifina zan fara.

Wata shekara an kira wata ƙanwata a sana'a ta yi waƙar biki, ta ce jika hamsin. Uwar amarya ta aiko mini, na ce jika talatin ya ishe ni. Na karɓe aikin, har ina murna. Da biki na gaba ya zo, ni ma aka ce mini ai an samu mai yi a jika ashirin. A wancan biki, mai sono, namiji, ya yanka kuɗinsa, ba wanda ya taya. Mai piyano ma haka. Mu da muryarmu ta tara jama'a, mu ne ake tayawa kamar tumatir na yamma. Yarinyar nan ta bar waƙa. Har yau in munka gamu a kasuwa, kunya nake ji.

Ku duba yadda sana'ar take. Sono na maza ne, situdiyo na maza ne, mai shirya wasa namiji ne, mai sa waƙa a rediyo galibi namiji ne. Na taɓa zuwa Yamai ɗaukar waƙa, mai situdiyo ya ce sai dai in dawo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ni kaɗai. Wata tsohuwar zabiya da na sauka gidanta ta yafa mayafi ta bi ni, ta zauna bakin ƙofa da tasbaharta har aka gama. Ba ta ce da shi uffan ba. Zamanta ya isa.

Ba yau mata sunka fara riƙe juna ba. A Funtuwa, Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, ta yi amada shekara da shekaru, mata ne ke buga mata ƙwarya, mata ne 'yan amshi. Hamsu Garba 'yar Maradi, da ta rasu a 2022, ba ta tsaya ga waƙa ba: ta jagoranci ƙungiyar Annashuwa, ta buɗe rediyon Turaki a Yamai, don kada kullum a roƙi wani ya sa waƙa. Zara Musa, ZM, ta shiga rap tun ana cewa aikin samari ne. 'Yan matan Illighadad sun ɗauki gita, wadda aka ce ta maza ce, sun kai ta Turai da Amurka.

Ita kanta wagga rana, daga ina ta fito? Ran 13 ga Mayu 1991 mata sunka yi maci a Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Da ɗai-ɗai sunka je, da an sallame su da godiya. Sun je tare, aka ƙara yawansu. Mu kuma 'yan Arewa, Lugu na nan kusa da mu, inda Sarauniya ta tari sojan Faransa a 1899. Ba sai an karanta mana daga littafi ba.

To, abu huɗu nake roƙo.

Na ɗaya, mu zauna mu yanka kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi. Wadda aka kira bayan an kira 'yar uwarta, ta buga mata waya kafin ta amsa.

Na biyu, adashen da muke yi na atamfa da kwanoni, mu ware zubi guda mu sayi sono namu. Kuɗin haya ya dawo asusunmu.

Na uku, kowace waƙa a kai ta BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, a rubuta ta da sunan mai ita kafin ta shiga WhatsApp. Wadda ba ta iya cika takarda ba, mai ilimin cikinmu ta raka ta.

Na huɗu, ba yarinyar da za ta sake zuwa situdiyo ita kaɗai. Kuma cikin ɗiyanmu a samu masu koyon piyano da haɗa sauti. Makarantar CFPM Taya tana Yamai, mu kai su.

Iyaye, ku ma da naku. In an kira zabiya karuwa a gabanku, kada ku yi shiru, alhali ita ta raka ɗiyarku ɗakin miji da waƙa.

Ƙanwar nan tawa, na aika mata da goron gayyata, kuma tana cikin wanga taro. Ba zan nuna ta ba. Ina roƙon ta gafara a gabanku. Akwai biki ran Asabar da aka ba ni, ita za ta ja, ni zan yi amshi, in ta yarda.

Allah ya bar zumunci.