BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA
Jawabin kwamitin ilimi ga ɗalibanmu na jami'a, a taron hutu da aka yi a Sabo, Ibadan



 Abin da ya tara mu yau magana ce guda ɗaya, wato yadda yaronmu zai fito daga jami'a ya sami abin yi. Kowa a nan ya san gidan da aka yi walimar kammala digiri, aka yanka rago, aka rataye hoto a bango, amma yau shekara uku ke nan mai digirin yana zaune a benci a ƙofar shagon babansa. Wannan abu yana ci mana tuwo a ƙwarya, domin idan ƙanne suka ga yayyensu sun yi karatu sun dawo zaman kashe wando, to da wane baki za mu ce musu su je makaranta?

Ba za mu ɓoye muku ba, aiki ya yi wuya a ƙasar nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A 2023 aka sake hanyar lissafi, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana ƙirga shi cikin ma'aikata, sai adadin ya sauko ƙasa a takarda, amma masu zaman benci ba su ragu ba. Duk da haka, jama'a, ana ɗaukar mutane aiki kowace shekara. Tambayar ita ce, su wa ake ɗauka? Abin da muka lura shi ne, ana ɗaukar wanda ya fara shiri tun yana aji ɗaya, ana barin wanda ya jira sai da ya karɓi takardar gama hidimar ƙasa sannan ya fara tunani. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko shi ne sakamako. A jami'o'in da ke aiki da ma'aunin maki 5, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama kuwa daga 3.50. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa ba sa ko buɗe takardar wanda bai kai daraja ta biyu ta sama ba. Su waɗannan maki tarawa ake yi tun daga zangon farko, saboda haka wanda ya yi wasa da aji ɗaya da aji biyu, ko ya kwana yana karatu a ajin ƙarshe da wuya ya cike ramin da ya haƙa. Sannan ga shekaru. Kamfanoni da dama suna ƙayyade shekara 26 ko 27 ga sabon ma'aikaci, kuma wanda ya haura 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ku tuna yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Wannan ba laifinku ba ne, amma darasin da ɗalibi ya faɗi har ya ƙara masa shekara, wannan nasa ne.

Abu na biyu, takardu. A nan ne mu mazauna Sabo muke da wata matsala wadda abokan karatunku ba su da ita. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, akwai cikinku wanda shi da ubansa da kakansa duk a nan aka yanke musu cibiya. Amma ranar da za ku nemi aikin gwamnatin tarayya, ko soja, ko ɗan sanda, ko kwastan, za a ce ku kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Dalili kuwa, tsarin mulki na 1999 ya tanadi a raba muƙamai tsakanin jihohi, kuma tun 1996 akwai hukuma ta musamman da ke sa ido a kan wannan rabo. A aikace, asalin uba ake dubawa, ba wurin haihuwa ba. Sai yaro ya tsinci kansa a tsakiya: nan a ce masa baƙo ne, can garin kakanni a ce ba a san shi ba.

Maganin wannan yana hannun iyaye. Lokacin hutu ku ɗauki yaranku ku kai su gida, ku gabatar da su ga dangi da mai unguwa da dagaci da hakimi, a karɓi takardar a sakatariyar ƙaramar hukuma tun ana da dattawan da za su shaide ku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kada a jira sai an buɗe ɗaukar aiki na mako biyu sannan a shiga motar dare. Kuma muna jan kunne, kada wani ya sayi takardar bogi, ko ya riƙe biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ranar tantancewa asiri yake tonuwa, kuma ko bayan shekara goma aka gano, kora ce.

Haka nan ku duba sunayenku. Wani a takardar WAEC Muhammadu ne, a JAMB Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma Mamman, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Da can magatakarda yakan kau da kai, yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san alfarma ba. Harafi ɗaya yana iya hana ɗalibi tafiya hidimar ƙasa tare da 'yan ajinsu. Ku baje takardunku a tabarma a wannan hutu, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saɓa a fara gyaranta yanzu.

Abu na uku, sanin aiki. Duk mai ɗaukar ma'aikata tambayarsa ita ce, me ka taɓa yi? To a ina ɗalibi zai samo amsa? Akwai shirin koyon aiki a masana'antu, wato SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata ya ƙirƙiro a shekarun 1970, inda ake tura ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona su yi watanni a wurin aiki. Mun sani wasu sukan kai littafin rahoto a sa musu hannu su koma gida su kwanta. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Garin nan cike yake da wuraren koyo. Ga cibiyar binciken aikin gona ta IITA da aka kafa a 1967, ga cibiyar binciken koko ta CRIN, wadda goro yana cikin abubuwan da take bincike a kai. Jikan fataken goro da ke karanta aikin gona, ina ya fi dacewa ya je in ba can ba?

Ita ma hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, shekara ce ta gwaji. Ma'aikata da yawa a wurin da suka yi hidima aka riƙe su, saboda an ga suna zuwa da wuri, an ba su amana sun riƙe. Tun 2012 an shigar da koyon sana'a cikin shirin, kuma a 2025 aka fara biyan alawus na naira 77,000 a wata. Mai hankali zai ware wani abu daga ciki ya biya kuɗin jarrabawar ƙwararru ta fanninsa. Mai lissafin kuɗi ya nufi ICAN ko ANAN, injiniya ya san hanyar rajista da COREN, malamin makaranta ya yi rajista da TRCN. Ku tambayi malamanku tun kuna aji biyu wace ƙungiya ce ke riƙe da ƙofar sana'arku. Sannan kowa, ko me yake karantawa, ya iya kwamfuta. Latsa waya ba shi ne iya kwamfuta ba. Muna nufin buga wasiƙa, da tsara lissafi a Excel, da aika imel cikin ladabi.

Yanzu bari mu zo ga jarin da kuke da shi, wanda da yawanku ba su san jari ba ne. Yaron Sabo yana tashi da harshe uku a bakinsa: Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a makaranta, wani ma har da Larabci. Kamfanin da ke Legas yana son sayar da kaya a Kano, bankin da ke son ajiyar 'yan kasuwar Bodija da 'yan kara, asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga arewa, gidan rediyo, kotu mai neman tafinta, duk suna bukatar mutumin da zai tsaya tsakani. Amma fa jin harshe daban, rubuta shi daban. Ku koyi rubuta Hausa da Yarbanci bisa ƙa'ida, ku sa su a takardar neman aiki.

Haka kuma shagon babanku makaranta ce. Wanda ya riƙe littafin bashi na dillalin shanu shekara uku, ko ya lura da lodin goro da albasa daga nan zuwa arewa, ko ya zauna teburin canji, ya san ciniki da riƙon amana fiye da wanda ya karanta su a littafi kawai. Kada ku ji kunyar rubuta wannan. Ku faɗi abin da kuka yi, da tsawon lokacin, da yawan abin da ya bi ta hannunku, ba ƙari ba ragi.

Ita takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira CV, kada ta wuce shafi biyu, kuma ga sabon mai digiri shafi ɗaya ya isa. A sa suna kamar yadda yake a takardu, da lambar waya mai shiga, da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. Kada a yi guda ɗaya a raba wa kowa kamar katin biki. Kowane aiki a karanta tallarsa a gyara takardar ta dace da shi. Waɗanda za ka sa su shaide ka, ka nemi izininsu tukuna. Malamin da bai taɓa ganin fuskarka a ofishinsa ba, me zai rubuta a kanka? Ku kuma share shafukanku na Facebook da sauransu daga zage-zage, domin ana leƙawa.

Idan aka kira ka ganawa, ka binciki wurin tun kafin ranar: me suke yi, su wa ke sayen kayansu. Ka isa da rabin awa kafin lokaci, ka lissafa da cunkoson hanya, balle in Legas ce. Tufafi su zama masu tsabta, ko kaftani ne ko kwat. Akwai kuma wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, da rage murya, da ƙin yabon kai. Wannan kunya ado ce a gida, amma a teburin ganawa sai a ɗauka rashin sani ne. Ka gaishe su da ladabi, ka ɗaga kai, ka yi magana a ji ka, ka faɗi abin da ka iya. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, amma za ka koya. 'Ya'yanmu mata, wannan magana har da ku, ko ma mu ce musamman ku.

Sai gargaɗi a kan 'yan damfara. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sama muku gurbi, ku guje shi, ko da ɗan unguwa ne. Mun ga iyaye sun sayar da fili sun karɓo takardar ɗaukar aiki ta ƙarya. Hukumomin gwamnati suna sanar da ɗaukar aiki a jaridu da shafukansu na intanet, ku bi ta can. Kuma ku kula da rayukanku: a watan Maris na 2014, wajen jarrabawar shiga hukumar shige da fice, dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a kan gurabe 'yan dubbai, turmutsitsi ya ci rayuka fiye da goma.

Kada kuma mu ɗauka aiki sai na ofis. Kakanninmu da suka kafa unguwar nan ba takardar neman aiki suka zo da ita ba, fatauci ya kawo su. Mai digirin da ya shiga kasuwancin gidansu ya tsara littattafai, ya buɗe asusun banki, ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, bai yi asarar karatunsa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Abin kunya shi ne zama, ba sana'a ba.

A ƙarshe, ga rokonmu ga manya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna so kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da fanninsa da ajinsa a wurin sakatare kafin ya fita daga zauren nan. Muna roƙon 'yan'uwanmu ma'aikata, likita ne ko lauya ko ma'aikacin banki, kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu ya riƙa duba takardunsu, ya gwada su da tambayoyin ganawa. Alhazan kasuwa kuma ku buɗe wa yaran nan ƙofa lokacin hutu, ku ba su aiki na gaske, in sun gama ku ba su takardar shaida. Ku kuma ɗalibai, aikin gida uku muka ba ku kafin a koma makaranta: ku daidaita takardunku, ku rubuta CV ku kawo a duba, ku sami wurin da za ku koyi aiki a hutu mai zuwa. A zama na gaba za mu kira suna ɗaya bayan ɗaya mu tambaya.

 Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.