IZINI, KUƊI DA JINI: HAƘƘIN MAI CIKI A KAN MIJINTA

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa daga cikin masu aikin sa kai a ɓangaren lafiya ya gabatar a zaman matasa magidanta. Mun kawo shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. A sha karatu lafiya.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako. 

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne lafiyar mai ciki da jaririnta. Na san wani zai ce a ransa, ai wannan zancen mata ne, me ya kawo shi zaman maza? To abin da ya kawo shi shi ne, 'yan'uwa mata masu shiga gida-gida suna wayar da kai, sau da yawa idan sun gama bayani amsa ɗaya ake ba su: sai maigida ya dawo. To ga masu gidan nan a zaune, wasu sun yi aure bana, wasu suna shiri.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 kawai mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Ba za mu wanke mahukuntan da ke hawa jirgi su tafi Ingila ganin likita ba, alhali asibitin talaka babu wuta babu magani. Wannan zalunci ne, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma ya ɗan'uwa, akwai wani kaso na wannan al'amari da yake cikin ɗakinka, wanda kai za a tambaya ranar gobe ƙiyama.

Masana sun ce jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar a fita da ita, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na farko a hannun miji suke. Kuma haɗarin ba ya jira, domin kuwa zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke mace lafiyayya cikin awa 2. Saboda haka abu uku nake son kowannenmu ya tashi da su daga wannan zama: izini, kuɗi, da jini.

Na farko izini. Matanmu suna da tarbiyya, ba sa fita sai da yardar miji, kuma wannan abin yabo ne. Amma sai ɗan'uwa ya tafi kasuwar ƙauye ko ya yi tafiyar kwana uku, naƙuda ta tsananta, wayarsa ba ta shiga, mata su yi cirko-cirko babu mai iya cewa a tafi. Malamai sun lissafa tsare rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin karewa, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Don haka tun ciki yana ƙarami ka zauna da matarka, a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, ka faɗa a fili cewa duk sa'ad da aka ga alamar haɗari ka ba da izini a tafi, kana nan ko ba ka nan. Alamomin kuwa ka haddace su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ne na masu ciki, kuma akwai allurarsa a asibiti. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Wannan izini ya haɗa da zuwa awo. Tun daga 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. A wajen awo ne ake gwada hawan jini, a duba kwanciyar ɗa, a ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a yi mata allurar tetanus. Idan damuwarka ita ce kada namiji ya duba ta, ka nemi inda ma'aikatan mata ne, idan babu kuma larura tana da hukuncinta. Maganin wannan damuwa na dindindin shi ne mu bar ƙannenmu da 'ya'yanmu mata su karanci ungozoma da likitanci.

Na biyu kuɗi. Suratul Baƙara aya ta 233, wadda ta yi zancen shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban ɗa. Abin mamaki, za ka ga ɗan'uwa tun ciki yana wata biyar ya fara tanadin ragon suna da atamfar fitar suna, amma bai ajiye ko kwabo saboda daren haihuwa ba. Ciki wata tara yake yi, ba ya zuwa bagatatan. Ka buɗe asusu, kullum ka jefa abin da ya sawwaƙa, kada ka taɓa shi. Ka yi magana da mai mota ko mai Keke NAPEP a unguwarku tun da wuri, ka karɓi lambarsa, ya san cewa ana iya tashinsa ƙarfe biyun dare. Kuma ka kula da tukunyar gidanka. Wake, zogale, alayyafo, ƙwai da hanta ba su kai kuɗin katin wayar da muke ƙonawa ba.

Na uku jini. Sau nawa ake cewa a kawo jini leda biyu, dangin miji su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya? Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi, namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata 3. Mu da muke cewa a shirye muke mu ba da jininmu saboda addini, ga wurin gwaji nan ya zo. Kowa ya je ya san rukunin jininsa da na matarsa, mu rubuta sunaye a littafi, domin idan an buga waya cikin dare a san wanda za a tasa.

Akwai kuma wasu al'adu da sai mun yi magana da iyayenmu a kansu, cikin ladabi da tausasa harshe. Yankan gishiri da doguwar naƙuda a gida su ne ke jawo yoyon fitsari. Wanda yake shakka ya je asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan mata sa'o'in ƙannenmu, da yawa mazan sun sake su bayan lalurar ta same su. Wane irin sakayya ke nan? Haka kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Idan matarka ta tafi wankan gida, kunya kada ta hana ka zuwa ka duba ta. Idan ka ga kumburi da haki, a tafi asibiti.

Shi kuma jariri, kada a zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. A ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Kada a sa wa cibiya toka ko man goge baki. Uwa da ɗa su kwana cikin gidan sauro. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, a ba shi ƙwayar zinc, a ci gaba da ba shi nono.

Sai batun rigakafi. Mun san tsoron mutanenmu yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, lamarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Darasin shi ne mu sa ido, mu yi tambaya, mu samar da namu masana. Amma barin yaro babu kariya ba wayo ba ne. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a 2023, mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Lokutan su ne: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Ka riƙe katin kamar yadda kake riƙe takardar fili. Duk mun san ƙissar mutumin da aka umurce shi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali.

'Yan'uwa, wannan aiki yana da asali a addininmu. Rufaida al-Aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A kusa da mu kuma, a jihar Damagaram ta Nijar, tun kafin 2010 aka soma abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awo da haihuwar matansu, sannan su fita su jawo hankalin sauran maza. Mu da muke haɗuwa ta'alimi kowane mako, me zai hana mu ware minti goma saboda wannan?

Don haka kafin a tashi, kowace unguwa ta fitar da mutum biyu, ɗaya ya riƙe littafin masu ba da jini, ɗaya ya riƙe lambobin direbobi. Idan 'yan'uwa mata sun yi sallama a gidanka, ka ba su dama su shiga. Wanda kuma iyalinsa ke da juna biyu, ya ba da izinin nan yau da dare, kada ya bari sai gobe.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan Musulunci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.